Kunama

Yaro yakan san wannan kalma tun bai san bindiga ba. "Kaɗe takalminka kafin ka sa." "Kada ka ɗaga dutsen nan da hannu." Da bazara, in zafi ya koro mutane daga ɗaka aka baza tabarmi a tsakar gida, uwa ba ta kwantar da ɗanta sai ta haska gindin randa da tsagar bango. Amma yau a ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, in ka tarar da magidanta biyu sun haɗa kai suna maganar kunama ƙasa-ƙasa, da wuya a ce ta gindin randa suke nufi. Ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan ne na ƙarƙashin bindiga, wanda yatsa ke ja.

"Yaya kunamarta?"

"Da tauri, sai ka sa ƙarfi."

"Gara haka. Tawa ta cika laushi, ko ƙanena ba na ba shi ita."

Duk wanda ya fara raɗa wa ƙarfen nan wannan suna, mai ido ne. Ya dubi tsohuwar bindiga, ya ga ƙarfen da ake ja baya a ɗana ya tashi ya lanƙwashe tamkar wutsiyar da ta ɗaga ƙari, ya ga na ƙasan shi ma a lanƙwashe yana jiran taɓi. Ya kuma lura da hali. Kunama ba ta farautar mutum. Ƙwari take nema, da duhu, da sanyin ƙarƙashin dutse. Tana iya yin damina da rani a ɗaki ɗaya da kai ba ka sani ba. Sai ranar da ka taka ta, ko ka danne ta da gwiwar hannu cikin barci, sannan ka san tana nan. Ƙaramin abu ne mai zaman shiru, ba ya tashi sai an matsa masa, in kuwa ya tashi ba a ce masa "dakata". Da wani ne, sai ya kira ƙarfen madanni ya huta. Bahaushe ya zaɓi sunan da zai sa tsigar jikin mai bindiga ta tashi duk lokacin da ya ambace shi.

Aikin ma sunansa ɗaya. Maciji sara yake yi, kare cizo, rago tunkuyi, amma kunama harbi take yi, ita da zuma da jaki da mai baka da mai bindiga. An ce harbi ga ɗan jaki gado ne, shi ya sa ba a kai jaki gaban alƙali, ba a kuma tambayar kunama dalilinta. Cikin masu harbin nan duka, mutum kaɗai aka bar wa ɗan fili tsakanin abin da zuciya ta raya da abin da hannu ya aikata. A jikin bindiga, faɗin wannan fili bai kai gaɓar yatsa ba. Nan ne tsoro da fushi da hankali suke haɗuwa, kowa na jan yatsa ɗaya.

A ƙasashen da ake sayar da bindiga a kanti, irin su Amurka, masu sha'awar harbi sun mai da wannan ɗan fili fanni guda. Wanda ya sayi sabuwa, kafin ya yaba bakinta ko ƙotarta, kunama yake fara gwadawa. Sun kasa jan gida uku. Akwai sako-sakon farko, inda ƙarfen ke tafiya ba turjiya. Akwai inda yake cijewa, yatsa ya ji ya iske iyaka. Sannan akwai ɓallewa. Ta kirki a wurinsu ita ce wadda ke ɓallewa tsaf, ba ta jan ƙafa, ba ta gurza, kuma yadda ta yi jiya haka za ta yi gobe. Har ma'auni gare su na auna nauyin jan. A gasar Olamfik, ƙaramar bindigar iska ta harbin mita 10, doka ta ce kada nauyin kunamarta ya gaza giram 500, kuma masu kula da gasar sukan rataya mata nauyin awo su tabbatar. Ta soja kuwa da gangan ake taurara ta, ta kai kilo 2 ko 3 ko ma fiye, domin an san mai riƙonta yana iya kasancewa a tsorace, ko a gajiye, ko a guje. Ɗan gasa takarda yake harbi, hankalinsa kwance, shi ya sa aka sassauta masa. Wanda bakin bindigarsa ke iya fuskantar ɗan Adam, ƙara masa nauyi ake yi.

Can ma sun ga abin da kunama marar amana ke jawowa. Kamfanin Remington ya daɗe yana zaryar kotu kan bindigarsa samfurin 700, wadda ya fara sayarwa a 1962, saboda ƙorafin cewa takan tashi ba a taɓa kunamarta ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2017 kotu ta amince da wata sasantawa da ta shafi bindigogi kusan miliyan 7.5, aka yarda a canza wa masu buƙata kunama.

A nan gida, mai tambayar kunama ba ɗan gasa ba ne. Manomin masara ne da auduga da waken suya, wanda kakansa bai taɓa ajiye abin da ya wuce gora da adda da kwari da baka ba. A watan Agustan 2021, Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce wa mutanen yankunan da ake kai wa hari su nemi makami su kare kansu. Maganar ta tayar da ƙura, domin dokar makamai ta 1959 tana nan daram: ko bindigar toka sai da lasin kwamishinan 'yan sanda, manyan kuwa sai da izinin shugaban ƙasa. Amma wanda aka kore wa shanun huɗa, aka sa wa ƙauyensa harajin noma kafin ya shuka da wani kafin ya girbe, bai jira gwamna ya yi magana ba. Tura ce ta kai bango. Wani ya sayar da buhunan da ya ajiye don aurar da 'ya, wasu suka yi karo-karo gida-gida.

Ka dubi yadda irin wannan mutumin ke karɓar sabuwar bindiga a wurin maƙeri. Ba fara'a a fuskarsa. Yakan goge tafinsa a jikin riga tukuna. Ya juya bakinta ga ƙasa, ya tambaya ya sake tambaya ko ba kome a ciki. Sannan ya ɗana, kalmar da a da bai san ta ba sai a kan tarko. Ya ɗora yatsa. Fatar yatsan ta yi kanta saboda ƙotar fartanya, ba ta jin abu da wuri, don haka yakan ja a hankali, ya karkatar da kai yana saurare, har ƙarfe ya ce ƙas. Ya yi shiru. Ya sake ɗanawa. Warin man juye da na sabon katako na tashi, zugazugi na huci a gefe, kan uwar maƙera ga garmar wani da aka fara aka ajiye.

In saurayi ne, za ka ji ya ce, "Baba, ba za a ɗan sassauta ta ba? Kafin in ja ai sun iso."

In kuwa maƙerin ya ga jiya ya ga yau, amsarsa ba ta wuce, "Ɗana, da dare za ka riƙe ta. Motsin da za ka fi ji a bayan danga, yaronka ne ya fito fitsari, ko jakin maƙwabci ya tsinke. Bar ta da taurinta."

Tsohuwar bindiga ma da kanta mai jinkiri ce. Irin ta da can da ƙanƙara take tashi, ɗan dutsen nan da ake ƙyasta wuta da shi, wanda sunansa ya zo ɗaya da na garin. A ɗura albarushi, a cusa tsumma, a zuba harsashi, a danna, a ɗana. In ta jiƙe ta ƙi tashi. In ta tashi sau ɗaya, sai a koma farko, kuma daga nan ta samo laƙabinta na harba-ka-ruga, laƙabin da ke da dariya a ciki, da kuma gaskiya. Duk wannan wahala lokaci ce. Kafin mai fushi ya gama ɗuri, mai yiwuwa matarsa ta ruga ta kira wansa, ko liman ya iso, ko shi da kansa ya ji zuciyarsa ta sauko. Bindigar da ke cin lokaci tana ba mutane damar shiga tsakani.

A wancan zamani, 'yan bindiga sunan sana'a ne a fada. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya yi suna wajen tara bindigogi da igwa, har ana ƙera wasu a birninsa. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, bindigar fada ta koma ta ado. 'Yan bindiga su ne waɗanda ke gaban sarki ranar hawan Sallah, suna ɗura albarushi ba harsashi, su harba sama, hayaƙi ya turnuƙe, doki ya yi tsalle, yara su toshe kunne suna dariya suna bin su a baya. Yau ka ce "'yan bindiga" a kasuwar Sheme ka ga yadda fuskoki za su canza. Kalma ɗaya ce, a cikin rayuwar mutum guda ta tashi daga ƙofar fada ta koma daji.

Abin da ya shigo da ita dajin ya zo daga nesa. Mikhail Kalashnikov ya ƙera bindigarsa a Tarayyar Sobiyet a 1947, kuma bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 makaman Libiya suka ƙara malala cikin Sahel. Gidan harsashinta na cin 30, in aka sake ta gaba ɗaya, ja guda ya isa ta zazzage su cikin daƙiƙa 3. Ba ɗuri, ba jira, ruwa bai dame ta ba, ƙura ba ta hana ta. Yaron da bai isa riƙe garma ba yana iya riƙe ta. Daga nan ne wata tsohuwar magana ta zama abincin masu karanta labarai: harbi kan mai uwa da wabi. A da akan faɗe ta a kan duka ko jifa, abin da ya sauka ba zaɓe. Yanzu kullum sai an ji ta a rediyo, har kunne ya saba, ya daina jin cewa akwai uwa a cikin maganar, uwar da ta riga ta binne 'ya'ya, ta rage da ɗaya. Haka aka yi a Kadisau ta ƙasar Faskari a watan Yunin 2020, inda aka kashe mutane gommai a yammaci guda. Ranar 11 ga Disamban wannan shekarar kuma, da dare, aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kora ɗalibai cikin daji a ƙafa. Kwana 6 bayan haka aka sako 344. A wannan daren, galibin aikin ba harsashi ne ya yi shi ba. Ganin yatsa a kan kunama ya isa ya kora ɗaruruwan yara.

Mafarauta sun san wani abu game da yatsan nan da ba kowa ya sani ba. Dajin Kogo da ke ƙasar Faskari, da na Rugu, da na Kamuku can wajen Birnin Gwari, kafin su zama mafakar ɓarayi wuraren farauta ne. Maharbi na gaske ba ya harbin motsi. Sai ya ga dabba ido da ido, ya san mece ce, ya san abin da ke bayanta. Yana da harsashi ɗaya, ya sha wuya kafin ya same shi, ba zai zubar da shi a kan ganye ba. A kiɗan farauta da na tauri, irin wanda Kassu Zurmi ya yi suna a kai, ana zuga namiji da rashin tsoro da taurin rai, amma a cikin dawa su kansu mafarautan sun fi girmama wanda ya iya laɓewa ya jira. Mai saurin hannu ba a son tafiya a gabansa.

Yatsan da ke jan kunama kuwa manuniya ce. Ita ake ɗagawa a zaman tahiya. Da ita ake bin baƙi a kan allo, da ita ake nuna wa baƙo hanya, da ita uwa ke gwada zafin kunu kafin ta ba jariri. Sau biyar a yini tana shaida, sannan da dare a ɗora ta a kan ƙarfe. Malamai sukan kawo hadisin da ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Akwai kuma wanda ya umarci mai wucewa ta kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya soki wani. Duka biyun ba da mugu suke magana ba. Da mutumin kirki suke, wanda bai yi niyyar kome ba, hannunsa kawai ya riga shi. An ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma an kuma ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Shi kansa Kalashnikov, watanni kafin rasuwarsa a Disamban 2013, ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana tambaya ko alhakin waɗanda bindigarsa ta kashe yana wuyansa. Ya haura shekara 90 tambayar ba ta bar shi ya huta ba.

Sai dai nauyin kunama ba duka ne ke jikin ƙarfe ba. Mafi yawansa a wajen bindiga yake. A da, in shanu suka shiga gona, akwai hanyar da ake bi. A kira maigari, a kira arɗo, a zaga gonar, a ƙiyasta ɓarna, a biya. In abin ya gagara a je wurin hakimi, in ya fi ƙarfinsa a je gaban alƙali. Kowane mataki nauyi ne da aka ɗora wa yatsa. Manomi ya san zai sami haƙƙinsa ba sai ya zubar da jini ba, makiyayi ya san ba za a tatse shi don yana Bafulatani ba. Da aka noma burtali, aka rabe makiyaya da mashaya, tarar da ya kamata ta zama ɗan maraƙi ta koma garke, ƙarar da aka kai ta kwana a aljihun wani, sai matakan suka zube ɗaya bayan ɗaya. Aka sace shanu ba mai bin sawu. 'Yan sa-kai suka tashi, wasu da gaskiyarsu, wasu suka riƙa tare mutum a kasuwa su yanke masa hukunci don kamanninsa, har gwamnatocin yankin suka sha haramta su. Kowace gawa ta haifar da mai ramuwa. Kafin babbar bindiga ta iso, kunamar jama'a ta riga ta yi laushi.

Harshe ma yana da tasa. Magana zarar bunu ce, in ji masu iya magana, kuma yanzu ba ta buƙatar ƙafa. "Wane infoma ne." Kalma uku, a faɗe su a majalisa ko a tura ta waya, gobe a tsinci gawa a bakin rafi, ba wanda ya tsaya ya tambaya waye ya gani. Mai kai rahoton daji shi ma da kira ɗaya yake sayar da maƙwabcinsa: ya sayar da hatsi, ɗansa ya aiko daga Legas. A watan Satumban 2021 sai da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, bayan an riga an hana sayar da dabbobi a kasuwanninsu, an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Gwamnati ta gane cewa yatsan da ke danna waya yakan riga na bindiga.

Akwai masu wasa da kunama a kasuwannin ƙauye, masu tallar maganin harbi. Za ka ga tana yawo a hannunsu, ta hau wuya, ta sauko ƙirji, jama'a na kabbara. Mai lura yakan matsa kusa ya dubi wutsiyar, domin sau da yawa an riga an karye ƙarin. Wannan ita ce tambayar da ake yi wa kowane sulhu a yankin nan: an karye ƙarin, ko dai lallashi kawai aka yi? A farkon 2017 an yi taron miƙa makamai a Ƙanƙara. A Satumban 2019 Gwamna Masari ya je har Dankolo ta ƙasar Sabuwa ya zauna da mutanen daji, aka ɗauki hotuna da bindiga a rataye. Auwal Daudawa, wanda ya jagoranci satar ɗaliban Ƙanƙara, ya miƙa makamai a Zamfara a Fabrairun 2021, ya rantse da Alƙur'ani, bai cika wata 3 ba ya koma daji, a can aka kashe shi. A 2025 aka sake zaman sulhu a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari, mutanen daji suka zo taron da makamansu a kafaɗa. Wanda ya samu ya nome gonarsa saboda wannan zama ba zai raina shi ba, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma yana noman yana kallon wutsiya.

Ɗaya ɓangaren ma na da nasa ƙarin. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, matasa 1,466 daga ƙananan hukumomi 8 da ke bakin daji, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. An ba su horo da kaki da albashi da shugaban da za su amsa wa, kuma waɗannan su ne bambancinsu da ɗan sa-kan da ba ya jin kiran kowa. Sai dai bindigogin da ke cikin rumbuna da ƙarƙashin gadaje ba su cikin wannan lissafi. An saye su don ɓarawo, amma za su daɗe bayan ɓarawon. Za su tarar da rikicin iyakar gona, da rabon gado, da zaɓe, da saurayin da aka hana budurwa. Yaran da suka tashi suna ganin ubansu na goge ta da dare za su gaje ta tare da fartanya.

Maƙeri na iya ƙara wa kunama tauri da masaba da magagari cikin yini guda. Wancan nauyin da ya ɓace ba a maƙera ake yin sa ba. Sai an sami alƙalin da ba ya karɓar saniya, da ɗan sandan da zai zo in an kira shi tun kafin asuba, da burtalin da aka shata aka hana kowa nomawa, da makaranta a ruga kamar yadda take a gari, da maigari da arɗo da za su iya zama kan tabarma ɗaya su ƙiyasta ɓarnar gona a biya a wuce wurin. Ba mai sayar da buhun masararsa ya sayi bindiga in yana da inda zai kai ƙara a saurare shi.